Land Rover da Peugeot 404 a ƙasar Tasawa da Mayahi, 1960-1994: wace ce motar daji?

1. Shimfiɗa

Masu nazarin tattalin arzikin jihar Maraɗi sun yi aiki mai yawa bisa noman gujiya, wato gyaɗa, da fataucin ƙetare iyaka da kuma ƙarancin gonaki. Littafin Emmanuel Grégoire na 1986 bisa alhazan Maraɗi yana nan, haka ma binciken da Claude Raynaut da abokan aikinsa na jami'ar Bordeaux suka gudanar a ƙauyuka, cikinsu har da Sarkin Hausa ta ƙasar Mayahi. A waɗannan ayyuka ana ambaton sufuri a matsayin fagen da ɗan kasuwa ke zuba jari. Mu a wannan takarda motar kanta za mu duba: ƙirarta, ƙarfinta, yadda take tafiya, da abin da take ci wa mai ita.

Mun ɗauki motoci biyu da suka yi zamani tare, Land Rover ta Ingila da Peugeot 404 ta Faransa, wadda direbobi ke kira kat-san-kat. Duk wanda ya karanta takardun masana'anta zai yanke hukunci nan take cewa ta farko ita ce ta daji, ta biyu kuma ta kwalta. Ra'ayinmu shi ne wannan hukunci bai dace da abin da ya wakana a Tasawa da Mayahi ba. Motar da aka ƙera domin titunan Turai ta ɗauki kaso babba na zirga-zirgar kasuwannin karkara, ita kuwa wadda aka ƙera domin gona da daji ta daɗe tana hannun hukuma. Domin gane dalilin haka sai an auna mota tare da mutanen da ke biyan kuɗin manta, da masu gyaranta, da masu tura ta in ta kafe.

2. Ƙasar da hanyoyinta

Yawancin ƙasar gundumomin biyu jigawa ce, rairayi mai laushi da ke ƙaruwa yayin da aka nufi arewa, wajen Urafan da Gidan Amumun da Cake. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ta Kanambakashe da Mayahi, tsohon kwari ne mai goriba da kaba, ba ya gudu sai dai ya tara ruwa nan da can da damina. Tasawa na bisa babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi, in an bi ta Cadawa da Agiye da Gazawa. Mayahi kuwa tana gefe, arewa da wannan hanya, kuma a shekarun da muke magana babu kwaltar da ta isa can.

Wannan bambanci yana da asali a mulki. Tasawa ce hedkwatar sarkal ta Turawa kafin a mayar da ita Maraɗi a 1927, kuma hanyoyin mota na farko da aikin tilas aka share su, aikin da ba a soke ba sai a 1946. An shata su ne domin haɗa bariki da bariki da kuma fitar da gujiya, da fari zuwa layin dogo na Kano, daga baya kuma, tun shekarun 1950, har ta Paraku da Kotonu. Gyaran tsarin mulki na 1964 ya mai da Tasawa da Mayahi arondisma biyu cikin jihar Maraɗi, kowace da shugabanta, wanda talakawa suka ci gaba da kira kwamanda kamar zamanin Turawa.

Ke nan direban wancan lokaci hanya iri uku yake fuskanta: babbar hanya wadda aka yi ta malala wa kwalta kashi-kashi bayan samun ƴancin kai, hanyar jar ƙasa mai gargada, da kuma turbar rairayi da ke bi tsakanin gonaki zuwa kasuwannin mako-mako. Kowace da motar da ta fi so.

3. Abin da alƙaluma suka ce

An fara nuna Land Rover a Amsterdam cikin Afrilun 1948. Kamfanin Rover ne ya ƙera ta a Solihull, bisa koyi da jif ta sojan Amurka, kuma aka yi mata jiki da alminiyom saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan yaƙi. Ire-iren da suka shafe mu su ne Series II ta 1958, IIA ta 1961, da Series III wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Akwai gajera, mai tazarar mita 2,24 tsakanin ƙafafun gaba da na baya, akwai doguwa mai mita 2,77. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 2,25, yana ba da ƙarfin doki 70 da ɗoriya in na esansi ne, 62 in na gazuwal ne. Doguwar tana da nauyin kusan tan ɗaya da rabi ba kaya, kuma da ƙyar take wuce kilomita 105 zuwa 110 a awa.

Peugeot 404 ta fito a watan Mayun 1960, shekarar ƴancin kan Nijar, da zanen jiki na Pininfarina. Injinta lita 1,6 ne, an kishingiɗar da shi gefe, mai ƙarfin doki 72 a fitowar farko. Nauyin ƙaramar bai kai kilo 1100 ba, tana kuma iya wuce kilomita 140 a awa. Doguwar, mai layin kujeru uku, ta biyo baya a 1962, sai mai buɗaɗɗen baya a 1967, wadda ake rufa wa tamfal, a nan ake ce mata bashe, a Nijeriya kuma a-kori-kura. An tsara wannan ta ɗauki kaya tsakanin kilo 850 da tan guda. A gasar Safari ta Afirka ta Gabas, 404 ta zo ta ɗaya a 1963, 1966, 1967 da 1968, abin da kamfanin ya yi ta talla da shi a nahiyar.

(Sai an yi hattara da waɗannan alƙaluma na ƙarfin doki, domin a lokacin ba ma'auni guda ake bi a Faransa da Ingila ba, kuma ƙarfin ya yi ta sauyawa daga shekara zuwa shekara. Abin da za a riƙe shi ne injinan biyu kusan kunnen doki suke, alhali ɗayan yana jan nauyin da ya ɗara na ɗayan da wajen kilo 400.)

Babban bambancin yana ƙarƙashin mota. Ƙafafun baya kaɗai ke tura 404. Land Rover tana da akwatin giya na biyu: in direba ya danna sanda mai kan ɗorawa, ƙafafu huɗu su ɗauki aiki, in ya ja mai jan kai, ta shiga ƙaramar giya. A giya ta ɗaya ta wannan ƙaramin layi inji yana juyawa kusan sau 40 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya, abin da 404 ba ta kai rabinsa ba. Daɗin daɗawa cikin Land Rover ya fi nisa da ƙasa, santimita 20 ko fiye, na ƙaramar 404 kuwa wajen 15. Land Rover tana zaune bisa ƙashin ƙarfe mai siffar tsani, da lam, wato faifayen ƙarfe masu lanƙwasa, gaba da baya. Ita 404 kowace ƙafar gaba cin gashin kanta take yi bisa murɗaɗɗen ƙarfe, lam sai a bayan bashe. Wajen shan mai, Land Rover ta esansi tana shan lita 16 zuwa 18 a kilomita 100, 404 kuma lita 10 zuwa 12.

4. Bisa hanya

Bisa kwalta babu gardama, 404 ta fi sauri, ta fi shiru, ta fi biyayya ga hannun direba. Sitiyarinta kai tsaye yake kama ƙafafu ta sandar haƙora, na Land Rover kuwa sai ya bi ta gaɓoɓi da yawa, kuma kowace gaɓa in ta ci sai ta ƙara masa wasa, har direba ya riƙa gyara hanya hagu da dama ko a miƙaƙƙen wuri.

Gargada ce ta fi ba da mamaki ga wanda bai san ta ba. Hanyar jar ƙasa da manyan motoci ke bi takan yi ƙananan kunyoyi a jere kamar kwanon rufi. Mai tafiya a hankali yana faɗawa kowane rami, mota ta yi ta kakkarwa har kusoshi su kwance. Dabarar direbobi ita ce su kai kilomita 70 zuwa 80 a awa, yadda taya za ta riƙa taɓa kawunan kunyoyin kaɗai. A nan 404 ta yi fice, domin tana isa wannan gudu da wuri kuma ƙafafunta masu laushi suna shanye girgiza. Land Rover, musamman gajera in ba kaya, tsalle take yi, bayanta na neman wuce gabanta a kwana. Saboda haka a hanyar da ba kwalta ba ce amma an zuba mata jar ƙasa, motar birnin ita ce ta fi motar dajin. Hatsarin dabarar a bayyane yake: a wannan gudu taya ba ta riƙe ƙasa sosai, birki kuma ba ya ci yadda ya kamata in jaki ko amalanke ya ɓullo.

Sai rairayi, inda a takarda 404 ba ta da ta cewa. A nan ne ya kamata mu daɗe.

Da farko, rairayi ba hali guda gare shi ba. Da sassafe, da sanyi, ko bayan an yi ruwa, yana da ɗan ƙarfi, da tsakar ranar bazara kuwa ya zama gari. Damina da ke lalata hanyoyin laka a kudu, a jigawa sauƙi take kawowa, in ban da mashigan gulbi da fadamu. Lokacin cinikin gujiya da hatsi da wake kuma, daga kaka zuwa ƙarshen ɗari, ya faɗo ne kafin rairayi ya kai matuƙar laushinsa. Direban kasuwa ya san wannan, shi ya sa yake fita da asuba ya komo da yamma.

Na biyu, kaya a bayan bashe ba nauyi ba ne kaɗai. Tun da ƙafafun baya ne ke turawa, buhunan da aka ɗora bisa su suna ƙara musu kamun ƙasa. In aka rage iskar tayu suka baje, aka shiga wurin da gudu a giya ta biyu ba tare da ɗaga ƙafa ba, 404 tana ƙetare rairayin da mai kallo zai rantse ba za ta iya ba. Abin da ya fi kayar da ita shi ne sawun manyan motoci. Berliet da makamantanta suna haƙa ramuka biyu masu zurfi su bar tudu a tsakiya, ƙaramar mota in ta bi sawun sai cikinta ya hau tudun, tayu su yi ta juyawa a banza.

Na uku, kuma shi ne muhimmi a ganinmu: bashe ba ta tafiya ita kaɗai. Tana ɗauke da mutum goma sha biyar ko fiye, da karen mota ɗaya ko biyu, da shebur. In ta kafe sai kowa ya sauka, a tone gaban taya, a shimfiɗa kara ko kaba ko rassan sabara, a tura. Aikin da akwatin giya na biyu ke yi wa Land Rover, fasinjoji ne ke yi wa 404, kuma su ba su shan esansi, hasali ma sun biya kuɗin mota. Kwamanda ko likita da ke rangadi da mutum uku cikin mota ba shi da wannan runduna, kuma girmansa bai ba shi damar sauka ya yi turi gaban talakawa ba. Ke nan buƙatarsa ga mota mai ƙafafu huɗu ta gaskiya ce, sai dai buƙata ce da ta fito daga matsayinsa da yawan abokan tafiyarsa, ba daga rairayi kaɗai ba.

Ba mu ce dabara tana maganin komi ba. Akwai turbobin arewa inda rairayi ke miƙewa kilomita da yawa ba wurin hutawa, waɗanda turi ba ya fisshe su. Can Land Rover ce ko babbar mota, ko raƙumi.

5. Mai biya da mai gyara

Mu ɗauki tafiyar Tasawa zuwa Maraɗi da komowa, kimanin kilomita 250. Bisa alƙaluman da muka bayar, Land Rover za ta sha lita 40 ko fiye, 404 kuma ba za ta wuce 30 ba. Ga ma'aikacin gwamnati da ke karɓar takardar mai daga ofis, wannan rata ba ta dame shi ba. Ga mai motar haya, wanda zai cire kuɗin mai da na direba da na tasha da abin da ake bari a shingayen hanya kafin ya ga riba, lita goma a kowace tafiya ita ce ribar. Ga shi kuma Land Rover ta fi tsada wajen saye, tayunta sun fi girma, kuma kayan ƙafafun gaba da take ɗauke da su suna cin mai suna lalacewa ko a ranar da ba a yi amfani da su ba.

Wajen gyara, motocin biyu duk masu sauƙin sha'ani ne, injinansu ba su da matsi mai yawa, suna karɓar man da ba shi da kyau sosai. Amma akwai wani bambanci na ƙira da muke ganin ya yi tasiri ƙwarai a ƙasar ƙura. Ƙura tana cinye bangon silinda. A injin 404 kowace silinda riga ce ta ƙarfe da ake zarewa, makanikai na ce mata shemiz. In inji ya gaji sai a sayo shemiz da piston da zobbansu, a zare tsofaffi a zura sababbi, aikin da ake yi a ƙarƙashin bedi da ƴan makullai. A injin Land Rover na lita 2,25 silindar a jikin injin aka huda ta, in ta ci sai an sauke shi an kai wa masu injin gurza a babban gari, a nemo piston da ya ɗara na da. Ga mai mota a Mayahi wannan tafiya ce da zaman jira. Land Rover ta kuma yi suna wajen karya sandar da ke juya ƙafar baya in an matsa mata cikin rairayi da kaya, har aka sauya wa doguwar Series III gadar baya da mai ƙarfi. Direba mai hankali ba ya fita daji ba tare da ta ajiya ba. A gefe guda, jikinta na alminiyom ba ya tsatsa, amma a ƙasar da ruwan shekara bai taka kara ya karya ba wannan falala ba ta da yawan amfani, kuma mai walda na gefen hanya ya fi iya ɗinke ƙarfen 404 da ya tsage.

Sai batun inda kayan gyara ke fitowa. A nan tarihin Nijeriya ya shigo. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motocinta suka zama masu sitiyari a hagu kamar na Nijar. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, wadda aka riƙa yi wa jigilar kayan haɗi ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano. Gwamnatin sojan Nijeriya ta mai da 504 motar manyan ma'aikata, ƙasar ta cika da Peugeot, kasuwannin Kano da Katsina suka cika da kayanta, sababbi da na hannu da na jabu. Injin 504 ɗan gidan su na 404 ne, saboda haka makanikin da ya san ɗaya ya san ɗayan. An harhaɗa Land Rover ma a Nijeriya, amma yawanta bai kusanci na Peugeot ba. Ɗan Tasawa da ke zuwa Jibiya ko Dankama ko Mai'aduwa cin kasuwa yana iya komowa da abin da motarsa ke buƙata cikin aljihu, tare da jarkar man da ake kira ruwa-ruwa.

Ta arewa ma Peugeot ke shigowa. Tun shekarun 1970 matasan Turai suka riƙa sayen tsofaffin 404 da 504, su ratso Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo ta Asamaka da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su hau jirgi su koma. Wannan ciniki shi kansa shaida ne: motar da ƙafafu biyu kaɗai ke tura ta tana ƙetare Sahara, in akwai faifayen ƙarfe na shimfiɗawa da masu turi.

Abokan aikinmu na fannin harshe za su sami abin dubawa a garejin wannan yanki, inda kalmomin Faransanci da na Ingilishi suka gauraya a baki guda: buji da fulogi, radiyato da lagireto, shofer da direba. Kalmar tana bin hanyar da kayan suka biyo.

6. Motar kwamanda da motar kasuwa

Bayan 1960 sabuwar gwamnati ta buƙaci isa ƙauye domin ayyukan da ba su jiran ranar kasuwa: karɓar lanho, ƙidaya, lambar mutane da ta dabbobi, rangadin makarantu, kamun mai laifi. Hukumomin da aka kafa a 1962, SONARA mai sayen gujiya da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma da bashi, su ma suna da wakilan da ke yawo. Mota mai ƙafafu huɗu ita ce dokin wannan aiki, kuma kafin Toyota ta yi ƙarfi Land Rover ce ta riƙe fagen. Sau da yawa ma ba baitulmalin ƙasa ke sayenta ba, tana zuwa ne cikin kayan wani shiri na taimako, da tambarin mai bayarwa a ƙofa. Fari na 1968 zuwa 1974, wanda ya share fagen juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilun 1974, ya ƙara yawan irin waɗannan motoci, haka ma babban shirin raya karkara na Maraɗi da Bankin Duniya ya tallafa wa daga rabin ƙarshe na shekarun 1970.

Abin da wannan ke nufi ga mutumin ƙauye shi ne ƙarar Land Rover labari ne daga sama, mai daɗi ko marar daɗi, kuma ba shi ya kira ta ba. Ba ya shigarta sai in an kama shi ko an taimaka masa da marar lafiya. Bashe kuwa ya san ranar zuwanta, ya san direban da uban gidansa, yana iya cinikin kuɗin buhu, yana iya ba da saƙo. Ta wannan mota ce ɗan ci-rani ke fara tafiyarsa zuwa Kano ko Legas, ta ita ce goro da atamfa da kananzir da kwanon sha ke isa kasuwar ƙauye. Klaas van Walraven, a littafinsa na 2013 bisa Sawaba, ya nuna irin rawar da direbobi da yaran mota da makanikai suka taka wajen yaɗa labari da ra'ayin jam'iyyar. Motar haya ba kaya kaɗai take ɗauka ba.

Bayan cutar da ta halaka gujiya a 1975, manoma suka karkata ga hatsi da wake, waken kuma kasuwarsa Nijeriya ce. Gujiya tana da wuraren awo sanannu da manyan motocin da ke kwashe ta. Wake kuwa ana tara shi tiya-tiya a ƙananan kasuwanni, a hannun ƴan kasuwa masu zaman kansu. Irin wannan ciniki motar tan guda yake so, mai araha, mai zuwa ko'ina ko da da turi ne.

Kada dai a ɗauki wannan rabo kamar katanga. Gwamnati ma tana da 404 da 504 na hawan manya bisa kwalta. Land Rover kuma tana da rayuwa ta biyu: in ofis ko shiri ya gama da ita aka yi gwanjonta, sai ta faɗa hannun ɗan kasuwa, a cire mata kujeru a kafa katakai, ta koma jigilar kasuwannin da bashe ba ta isa. A wannan rayuwa ta biyu ta shiga dokar kasuwa ita ma, ana loda mata abin da ya ninka ƙa'ida, ana ɗaure ta da waya da roba. Amma sai da wani ya fara biyan tsadarta tukuna.

7. Bayan 1984

Ba 404 ce ta kori Land Rover ba. Kamfanin ya shiga cikin British Leyland a 1968, gwamnatin Ingila ta karɓi ragamar wannan rukuni a 1975, kuma shekaru suka wuce ba a zuba wa motar jarin da zai sabunta ta ba. Lokacin da sabon samfuri mai murɗaɗɗen ƙarfe a ƙafafu ya fito a 1983, Toyota Land Cruiser, mai inji mafi girma da wakilai masu kayan gyara a ajiye, ta riga ta shiga ofisoshi da shirye-shiryen taimako. Kuɗin uraniyom ya ja baya tun farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, sayen mota ya koma hannun masu ba da taimako, su kuma suka zaɓi ta Japan.

Ita 404 an daina ƙera ƙaramarta a Faransa a 1975, aka ci gaba da harhaɗa mai buɗaɗɗen baya a Kenya har 1991. Magajiyarta 504 ce, mai irin halinta. Rufe iyakar Nijeriya daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986, wanda ya haɗu da yunwar da mutanen yankin suka laƙaba wa sunan El Buhari, ya nuna yadda motocin haya suka dogara da kudu wajen mai da kayan gyara. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sake arahar da su ga mai riƙe da sefa, abin da ya ƙara wa tsofaffin Peugeot kwana. A farkon shekarun 1990 rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar suka tsayar da masu kawo motoci ta hamada, sai tashoshin ruwan Kotonu da Lome suka zama mashigar motocin hannu, yawancinsu kuma na Japan. Karya darajar sefa a Janairun 1994 ya ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga Faransa. Ƙananan bas na Toyota suka karɓi kwalta, Hilux da Land Cruiser suka karɓi turba, daga shekarun 2000 kuma babura masu araha suka ɗauki fasinjan da ba shi da kaya.

A tsakanin gona da kasuwar kusa, wanda ya gaji aikin ba mota ba ne, amalanken shanu da na jaki ne, waɗanda suka yawaita ƙwarai a jihar tun shekarun 1980. Masu ƙera su sun yi amfani da ƙafafu da tayun matattun motoci, cikinsu har da na Peugeot. Lam ɗin motocin biyu kuwa maƙera suka saye, domin ƙarfe ne mai riƙe kaifi, suka mai da shi gatari da wuƙa da bakin hauya.